A HORAR DA LIKITOCIN BINCIKEN GAWA A JOS

Ran Asabar 14 ga watan Agusta 2021, waɗansu matafiya suka taso daga Bauci bayan taron zikiri na shekara, za su koma Ikare cikin Jihar Ondo inda suke zaune suna neman abinci. Da suka iso hanyar Rukuba cikin garin Jos sai aka tare motocinsu. 'Yan sanda sun ce mutum 22 aka kashe. Bayan kwana goma, da dare, aka faɗa wa ƙauyen Yelwa Zangam a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka kashe mutum fiye da 30, waɗansu ma cikin ɗakunansu aka ƙone su. Na farkon Musulmi ne, na biyun Kirista ne, amma tambayoyin da iyalansu suka kwana da su iri ɗaya ne: wa ya mutu, da me aka kashe shi, kuma wace shaida za a kai gaban alƙali?

Akwai likita wanda aikinsa ke nan, amsa waɗannan tambayoyi. Shi ne likitan binciken gawa. Irinsa ƙalilan ne a Nijeriya, galibinsu kuma a ƙasashen waje suka ƙaro ilmin. Ra'ayin wannan shafi shi ne lokaci ya yi da za a kafa wurin horar da su a Arewa, kuma ba garin da ya fi Jos cancanta, ba kuma garin da ya fi shi bukata.

Duk wanda ya bi tarihin rigingimun Jos ya san cewa bayan kowace fitina akwai wata ta biyu da ke biyo baya, wato gardamar yawan waɗanda suka mutu. A rikicin da ya tashi ran Jumma'a 7 ga watan Satumba 2001, an ƙiyasta mutum wajen 1,000 suka hallaka cikin mako guda. A na watan Nuwamba 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, hukuma ta fara da faɗin wajen 200, ita kuwa ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla 700, ta kuma lissafa 133 da ta ce 'yan sanda da soja ne suka harbe su ba bisa ƙa'ida ba. A watan Janairu 2010 an tsamo gawawwaki daga rijiyoyi a Kuru Karama, inda aka kashe aƙalla mutum 150. A watan Maris na wannan shekara, bayan harin Dogo Nahawa da ƙauyukan da ke kusa, wani babban jami'in gwamnatin jiha ya ce mamatan sun kai 500, 'yan sanda suka ce 109. Tsakanin 109 da 500 akwai mutum kusan 400. Ko dai an ƙara su ne don a tunzura jama'a, ko kuwa an rage su ne don a rufe ido. Kowanne daga ciki zalunci ne.

An kafa kwamitocin bincike, daga na Mai Shari'a Fiberesima kan rikicin 1994, zuwa na Mai Shari'a Niki Tobi kan na 2001, zuwa na Bola Ajibola kan na 2008. Amma kwamiti yakan zauna ne bayan makonni ko watanni, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe babbar shaida. Abin da ya rage masa sai bakin mutane, kowane ɓangare da nasa labarin. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

To, mene ne wannan likita yake gani wanda sauran mutane ba su gani? Jikin mamaci yakan fara sandarewa sa'o'i kaɗan bayan fitar rai, ya gama ƙagewa wajen sa'a goma sha biyu, sa'an nan ya sake saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Jini kuma yakan kwanta a gefen da ke ƙasa, ya bar tabo. Idan aka tarar da gawa a rigingine alhali tabon yana ta wajen ciki da ƙirji, likita ya san an juya ta ko an ɗauko ta daga wani wuri. Idan aka ciro gawa daga gidan da ya ƙone, yakan duba maƙogwaro da hanyar numfashi. In akwai baƙin hayaƙi a ciki, mutumin yana da rai lokacin da wuta ta kama. In babu, to akwai alamar an riga an kashe shi kafin a cinna wutar. Raunin harsashi yana nuna inda ya shiga da inda ya fita, don haka ana gane wanda aka harba ta baya yana gudu. Ƙunar albarushi a fata tana nuna an ɗora bakin bindiga kusa. Harsashin da aka ciro kuwa ana iya gwada shi da bindigar da ake zargi. Saran da ke hannuwa da tafuka yana nuna mamacin ya yi ƙoƙarin kare kansa. Ko da ƙashi kaɗai ya rage, ƙugu da ƙoƙon kai suna nuna namiji ne ko mace, haƙora suna nuna kimanin shekaru, ƙashin cinya yana nuna tsawo, daga cikinsa kuma ake ɗiban abin da za a yi gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, a gwada da na uwa ko ɗa ko ɗan'uwa.

Ba kisan kai kaɗai ne aikinsa ba. Lokacin hunturu a Jos mutane kan shiga ɗaki da kaskon gawayi su toshe ko'ina saboda sanyi, a Ikko da Anaca kuma akwai masu kwana da janareto kusa da taga. Da safe a tarar da iyali duka sun mutu, sai zargi ya tashi, a ce kishiya ce ta sa guba, ko maƙwabci ya yi sammu. Gwajin jini guda yana nuna gubar hayaƙi ce, a wanke wanda ba shi da laifi, a kuma gargaɗi sauran jama'a. Haka nan tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa a kewayen Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda suka daɗe suna cin rayuka. Likita ne zai bambanta yaron da ya nutse wajen wanka da mutumin da aka kashe aka jefa.

Labarin Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya isa darasi. Ya bar Abuja zuwa Bauci ran 3 ga watan Satumba 2018, ya ɓace a yankin Jos ta Kudu. Sai ran 29 ga watan aka jawo motarsa daga wani kududdufin kuza a Dura Du, bayan an sha wahalar zuƙe ruwan, aka kuma tarar da waɗansu motocin a ciki. Gawarsa kuwa sai ran 31 ga watan Oktoba aka same ta cikin wata tsohuwar rijiya a gundumar Shen, bayan an gano wani rami da aka fara binne ta aka tone. Wannan Janar ne, rundunar soja ce ta tsaya tsayin daka har wata biyu tana nemansa. Direban tirela, ko ɗan kasuwar gwari da ya ɗauko dankali da tumatir za shi Mil 12, wa zai zuƙe masa kududdufi? In ma an sami ƙasusuwansa bayan shekara, wa zai tabbatar shi ne? Ba mai iya wannan sai wanda aka horar.

Horon kuwa ba na kwana biyu ba ne. Yaro zai yi shekara shida a makarantar likita, ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, ya yi ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan ya shiga horon ƙwarewa a fannin binciken cuta a tsoka da sassan jiki, na shekara huɗu zuwa shida, a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, wadda ke Ijanikin a Ikko, ko kuwa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Sai bayan wannan ne zai ƙara shekara ɗaya ko biyu musamman kan gawar da shari'a ke da magana a kanta: raunuka, guba, tono kabari, tantance mamatan babban haɗari, rubuta rahoto, da tsayawa gaban kotu lauya yana yi masa tambayoyin ƙure. A Amurka wannan mataki shekara guda ce cur. Ingila da Afirka ta Kudu su ma suna da nasu jarrabawar. Jimla ba za ta gaza shekara 13 ba. Ashe ke nan jihar da ba ta fara yau ba, ta yanke wa kanta hukuncin zama haka har wata shekara goma sha. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma dalilin da ya sa tura mutum waje kaɗai bai wadatar ba. Ma'aunin da ke cikin littattafan Turawa na ƙasar sanyi ne. Gawar da za ta yi kwana uku a Landan ba ta canza sosai ba, a Sakkwato cikin bazara kwana ɗaya ya ishe ta. Jos kuwa tana kan tudu mai tsawon ƙafa wajen 4,000, yanayinta dabam da na Ikko, dabam da na Kano. Tilas ne a sami likitocin da suka koyi aikin a kan ƙasar da za su yi shi, da irin makaman da ake amfani da su a nan, da irin dafin da ake samu a nan, su kuma rubuta abin da suka gani don na baya.

Kayan aikin kuwa rabinsu yana Jos tun tuni. Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Asibitin Koyarwa na Jami'ar, wanda yanzu yake Lamingo, yana da sashen binciken cuta inda ake horar da likitoci. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da jama'a suka sani da Jankwano. Kwalejin Manyan Jami'an 'Yan Sanda tana Jos. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ta haura shekara ɗari, tana nan kusa da ɗakunan gwaje-gwajenta. Da wuya a sami wani gari a Arewa da likita da ɗan sanda da mai gwaji za su koyi aiki tare cikin tafiyar awa ɗaya kamar nan. Wannan haɗuwa kuwa ita ce gishirin aikin, domin in ɗan sandan da ya fara zuwa wurin ya bari aka tattake ko'ina, aka wanke gawa, aka ƙone tufafinta, ko wane irin gwani aka kira ya makara.

Garin Jos ya ma taɓa ba da rai a kan wannan aiki. Lokacin da zazzaɓin Lassa ya fara bayyana a 1969, a Jos aka yi jiyyar ma'aikatan jiyya na mishan da suka fara kamuwa. Da cutar ta sake ɓarkewa a farkon 1970, Dokta Jeanette Troup ta asibitin Jankwano ta buɗe gawar wani majiyyaci don a gane abin da ke kashe mutane, wuƙa ta yanke ta a yatsa, ta kamu, ta rasu cikin watan Fabrairu na wannan shekara. Abin da ita da abokan aikinta suka tattara ya taimaka wa duniya sanin cutar. Rasuwarta kuma tunatarwa ce cewa ba a tura mutum wannan aiki ba tare da safar hannu ta kirki da ɗaki mai tsabta da ruwa da wutar lantarki ba.

Ta wajen doka, tun zamanin Turawa akwai tsarin alƙalin binciken musabbabin mutuwa, wanda ke cikin kundin dokokin Jihar Arewa na 1963. Majistare ne ke riƙe wannan matsayi, kuma a gabansa ya kamata a kai rahoton duk mutuwar fuju'a, ko ta kisa, ko ta haɗari, ko ta wanda ya mutu a hannun 'yan sanda ko gidan kaso. Jihar Ikko ta sabunta tata dokar a 2007, ta kafa ofishin babban likitan binciken gawa. An ga amfaninsa ran 3 ga watan Yuni 2012, sa'ad da jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga da mutum 153 a ciki. Gawawwaki da yawa sun ƙone ba a gane su, amma likitoci ƙarƙashin Farfesa John Obafunwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka aika da samfuri Ingila don gwaji, aka miƙa wa mafi yawan iyalai nasu. A 2017 jihar ta buɗe nata ɗakin gwajin DNA, ko da yake 'yan tarzoma sun yi masa ɓarna a watan Oktoba 2020. A Abuja kuma, matasa shida 'yan kasuwar Apo da 'yan sanda suka kashe a watan Yuni 2005 aka ce 'yan fashi ne, sai da kwamitin shari'a ya sa aka tono su aka bincika, a ƙarshe kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a 2017. Su ma baƙi ne masu neman abinci nesa da gida, kamar masu karanta wannan shafi.

Ba shakka mai karatu zai ce, ai addini ya yi umurni da gaggauta jana'iza, kuma mamaci yana da alfarma kamar mai rai. Gaskiya ne, kuma duk tsarin da ya raina wannan ba zai karɓu a Arewa ba. Amma manyan malamai sun riga sun duba mas'alar. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987, duk sun halatta buɗe gawa don gano gaskiyar kisa ko gane annoba, bisa sharaɗin a tsaya iyakar bukata, a mayar da kome a binne. Kafa hujja da alama kuwa ba baƙon abu ba ne, kowane almajiri ya san yadda wajen da rigar Annabi Yusufu ta yage ya raba gardama. Abin da ya fi sa mutane gudun asibiti shi ne jinkiri da wulakanci da kuɗin da ake ɗora wa masu makoki. Maganin jinkiri kuwa shi ne a sami isassun ƙwararru. Binciken gawa ɗaya aikin sa'o'i biyu ko uku ne. In akwai likita a bakin aiki dare da rana, wanda ya rasu da asuba za a iya sallatarsa kafin la'asar. Ya kamata kuma a horar da mata, don gawar mace ta kasance a hannun mace.

Ko a ranar babbar fitina, inda mamata suka yi yawa ba halin jira, akwai hanyar da Ƙungiyar Red Cross ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsara. A ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta alamun jiki da abin da ke aljihu, a ɗebi ɗan samfuri, a jera su a kabari kowa da lambarsa, a zana taswirar kabarin. Wannan bai hana binnewa a ranar ba. A Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza da yara wajen 8,000 a Srebrenica a 1995, gwajin DNA ya tantance kusan 7,000, aka binne su da sunayensu, shaidar kuma ta tsaya a kotun duniya.

Wani kuma zai ce asibitoci ba su da isassun likitocin masu rai, ina ga na matattu? Amsar ita ce aikin nan na masu rai ne. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba labari takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gun alƙali, sa'an nan ta yi takaba. A dokar shaida ta ƙasa sai an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin a ɗauka ya mutu. Cikin wannan tsawon lokaci ba rabon gado, ba fansho, kuɗinsa na banki a kulle, marayu suna gararamba. Bugu da ƙari, 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da Fatakwal sun fi kowa sanin abin da jita-jitar yawan mamata ke jawowa. Ƙarya guda da aka yaɗa a Jos da safe tana iya sa a rufe kasuwa a Kudu da yamma. Kisan mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025, waɗanda suka taso daga Fatakwal za su gida salla aka ƙone su, ya nuna bukatar ta kowane ɓangare ce. Adadi na gaskiya, da sunaye, da hukuncin kotu a kan wanda ya aikata, su ne ke hana a huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da kwalejojin ƙwararrun likitoci, su amince da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a matsayin cibiyar wannan horo, da malamai da ɗakin ajiye gawa mai wuta ba yankewa da ɗakin gwaji. Kafin cibiyar ta kankama, Gwamnatin Filato da maƙwabtanta, Bauci da Kaduna da Nasarawa, kowace ta ɗauki nauyin likitoci ko da biyu, mace da namiji, ta tura su ƙaro ilmi bisa yarjejeniyar dawowa, ta kuma biya su albashin da zai zaunar da su. Majalisar Dokokin Filato ta yi dokar da za ta kafa ofishin babban likitan binciken gawa mai cin gashin kansa, wanda Gwamna ko Kwamishinan 'Yan Sanda ba zai iya gyara masa rahoto ba, gwamnati ta biya kuɗin binciken, a kuma ƙayyade sa'o'in da za a saki gawa. A sa limamai da fastoci cikin shirin tun daga farko.

Sarakunan Hausawa da shugabannin tasha da na kara a Kudu su ma suna da nasu aikin. Kada mota ta tashi ba a rubuta sunan kowane fasinja da lambar wayar danginsa ba, kowa kuma ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa. In mutuwa mai shakka ta auku, a daure a bari likita ya duba kafin a yi wanka, a karɓi takarda. Attajirai da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke biya wa yara kuɗin karatun likita kuwa, su ƙarfafa wa waɗansunsu gwiwa su bi wannan fanni, duk da dai ba shi da farin jini kamar tiyata.

Mutanen Ikare da na Yelwa Zangam sun riga sun tafi, Allah ya jiƙan su ya ba iyalansu haƙuri. Hanyar Jos kuwa tana nan, motoci suna bin ta dare da rana da 'yan'uwa a ciki. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma ba shugabanni ikon fara wannan aiki tun yanzu.